Abin da kalangun Baba ya koya min a studiyo

Wata tara muka yi muna haɗa albam ɗin nan na rawa a wani ɗan ɗaki a unguwar Bukoki nan Yamai, ni da abokina mai gita, waƙa takwas, kuma wallahi har yau in na tuna wata ukun farko sai raina ya sosu. Niyyarmu ita ce mu kwaso kiɗan duniya mu zuba wuri guda, amapiano na Afirka ta Kudu da wannan bas ɗin nasu mai dukan ƙirji da suke ce ma log drum, coupé-décalé da 'yan Kodebuwa suka fito da shi a Paris farkon shekarun 2000, house, ɗan reggaeton, in mun gama sai mu barbaɗa kalangu da gurumi a sama kamar yaji, don dai a san daga Nijar muke. To nan ne muka fara ɓata hanya, namu muka maida yaji, na mutane muka maida tuwo.

Mai kalangun wani dattijo ne ɗan wajen Tawa, tun yana yaro yake yi ma mahauta kiɗa, yanzu biki da suna yake bi a Yamai. Ranar da ya zo cikin watan Afrilu ne, zafi ya wuce 40, kuma dole mu kashe fanka saboda makirfo na ɗaukar ƙararta. Na sa mishi abin ji a kunne, na kunna mishi ƙwas-ƙwas ɗin nan mai ƙidaya lokaci, 124 a minti. Bai yi minti biyu ba ya cire ya ce "ɗana ɗauke min agogon nan, ni ba da agogo nake kiɗa ba." Na ce to Baba, a raina ina cewa ai komi ya kaɗa zan gyara da dare.

Na kuwa gyara. Na kwana gaban kwamfuta cikin FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, ina yanka dukan nashi ɗaya bayan ɗaya ina jera su daidai kan layi, har an ɗauke wuta sau biyu na sake daga farko, da asuba komi ya zauna cif. Da ya dawo na kunna mishi, ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye, ya ce wa ya kaɗa wannan? Na ce ai kai ne Baba. Ya ce "a'a, nawa magana yake yi, wannan bebe ne."

Sai ya ɗauko kalangun ya saƙale a hammata ya ce in kalli hannunshi kar in kalli gula. Yana duka yana matse tsarkiya, fatar na ɗamewa muryar na hawa, ya saki ta sauko, kuma wannan hawa da saukar bayan dukan take zuwa, daidai wurin da ni na bi na datse. Taken wani sarkin fawa ne ashe ya kaɗa mana, kalma bayan kalma, yadda Bahaushe ke ɗaga murya ya sauke. Ga shi kuma tafiyar kiɗan nashi uku-uku ce, ni na danna ta cikin huɗu-huɗun house da ƙarfin tsiya. Kunya ta kama ni sosai, a ƙasar nan aka haife ni, kalangu nake ji tun ina goye, ban taɓa zama na saurare shi ba sai ranar.

Muka goge aikin wata uku. Wannan karon Baba ke fara kaɗawa shi kaɗai, in ya ja a bi shi, in ya lafa a lafa, ni ke lanƙwasa lokacin kwamfuta ta bi bayanshi. Abin da ya ba ni mamaki log drum ɗin nan shi ma yana zamewa daga murya zuwa murya, da na saita shi ya riƙa amsa ma kalangu sai ka ce wa da ƙane ke hira. Reggaeton kuwa ya ƙi zama ko ta ina, muka sallame shi.

Haka ta sake faruwa da mai yi mana waƙa. Na kawo wani karin waƙa da na ƙirƙira ina sauraren na waje, ta rera sau ɗaya ta tsaya ta ce yaya ka ji abin da nake faɗi kuwa? Baitin na cewa an sha wuya, karin ya juya kalmar ta koma wuyan da ake rataya sarƙa. Sai karin muka canza, kalmar ta zauna yadda take.

A lokacin ne na koma sauraren Mamman Sani, wanda tun 1978 ya ɗauki kiɗan organ ɗinshi a gidan rediyon ƙasa nan Yamai. Na'urar ta Turawa ce amma kana ji ka san iskar ƙasar nan ce ke fita daga cikinta, kuma da kayan da ko rabin namu ba su kai ba.

Kafin mu rufe sai da muka kai waƙa uku wani biki a unguwar Talaje muka roƙi DJ ya saka. Na tsaya bayan lasifika ina kallon ƙafafun mata kawai. Shimfiɗar nan mai tsawo irin ta amapiano, kusan minti guda ba a shiga ba, tsaye suka yi suna gyara ɗaurin kallabi, wata ma ta koma kujera. Kalangu na shigowa fili ya cika, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa ta zo tana neman makaɗin za ta liƙa mishi kuɗi, muka ce mata yana gida. A daren na yanke shimfiɗar ta koma daƙiƙa goma sha biyar, washegari na kai ma Baba jaka biyun da tsohuwar ta dage sai an kai mishi.