Allon kwangilar da ba a rubuta kuɗi a jikinsa ba

A layinmu da ke Agege akwai wani allon kwangila da aka kafa a bakin magudanar ruwa tun damina biyu da suka wuce. An rubuta sunan aikin da na ɗan kwangilar, amma ba a faɗi nawa aka ware ba, balle ranar kammalawa. Duk sa'ad da aka yi ruwa mai ƙarfi, kwata takan cika ta malalo har ƙofar shagon wani dattijo mai sayar da hatsi, sai mu taru mu ɗora buhunan gero da masara a kan benci. Da na ce masa ya kamata mu rubuta takarda mu nemi bayani, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, mu baƙi ne a garin nan, kada ka jawo mana." Maganar ta daɗe tana damuna, domin Baba ya haura shekara talatin a Legas, kuma bai taɓa fashin biyan kuɗin shago ba.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne doka ta ba mu ikon tambaya. A ranar 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai, bayan ƙudurin ya shafe fiye da shekara goma yana kai da komo a Majalisar Tarayya, har Obasanjo ya bar mulki a 2007 bai sa masa hannu ba. Dokar ta wajabta wa hukuma ta ba da amsa cikin kwana 7, ba ta buƙaci mai tambaya ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta yarje wa wanda bai iya rubutu ba ya nema ta hannun wani. Ta kuma tanadi tarar naira 500,000 idan kotu ta tabbatar an hana bayani ba bisa ƙa'ida ba. Jihohi da dama sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama, ta ce ta hau kansu, a watan Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo.

Duk da haka, ɗabi'ar ɓoye-ɓoye ta riga ta yi saiwa a ofisoshinmu. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan ba a soke ta ba, kuma ma'aikaci ya fi tsoron fushin ubangidansa a kan tarar da bai taɓa ganin an ci kowa ba. Ƙungiyoyi masu sa ido kan ayyukan gwamnati irin su SERAP da BudgIT, waɗanda dukansu a Legas suke, suna ta fafutuka a kotu da intanet, sai dai ba za su iya bin kowace kwalbati ta kowane lungu ba.

Makon jiya na kai takardar neman bayanin ofishin hukuma da kaina, da tambayoyi uku: nawa aka ware, nawa aka biya, yaushe za a gama. Ma'aikaciyar ta dube ni ta tambayi wanda ya aiko ni, na ce mazauna layinmu ne. Ta buga hatimi a kan kwafina, ta rubuta kwanan wata. Da yamma na nuna wa Baba, ya jujjuya takardar a hannunsa, sannan ya ce idan kwana bakwai suka cika in biyo masa mu koma tare.