Gizon Asante ya shiga littafin hoto, namu fa?

Wani ɗan uwanmu da ke kasuwanci a Kumasi ya aiko ma yarana littattafan hoto na Ananse, gizon tatsuniyar mutanen Asante na ƙasar Gana, to tun da suka iso Birnin Kebbi kullum bayan isha'i sai an ɗauko min in karanta ina mayar musu da Hausa, don da Turanci aka rubuta su.

Ananse dai Gizo ne sak, kwaɗayi, ƙarya, wayon tsiya, ga matarsa Aso kamar Ƙoƙi. Wanda yaran suka fi so shi ne yadda ya sayi tatsuniyoyi duka daga hannun Nyame, wanda a addinin gargajiyarsu shi ne mai sama (nan kam sai da na tsaya na yi musu bayani cewa imanin mutanen da ne, ba namu ba). Farashin da aka yanka masa wai ya kawo mesa da damisa da zirnako da aljana, duk da ransu. Mesar nan gardama kawai ya tayar, wai shi da matarsa suna musu ko ta kai reshen kwakwa tsawo, ita kuma don son a yabe ta sai ta miƙe jikin reshen ya bi ya ɗaure ta tamau. Zirnako kuwa ruwa ya yayyafa musu ya ce hadari ya taso ku shigo gorana ku fake, suna shiga ya toshe. Damisa rami, aljana 'yar tsana mai danƙo. Autana har birgima yake don dariya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne nisan da gizon nan ya yi. Bayin da aka kwashe sun tafi da shi har Jamaika, wani Bature Rattray ya buga tarin labaransa a 1930, sannan a Amurka littafin hoto kan wannan labari na sayen tatsuniya ya ci lambar Caldecott, lambar yabon littattafan yara masu hoto, a 1971. Mu fa? Tun 1911 Frank Edgar ya fara buga tatsuniyoyin Hausa, Gizo cike a ciki, amma zaga kasuwa yau ka nemo min littafin Gizo mai launi da ɗan shekara biyar zai riƙe ya kalla. Kuma ba baƙin juna ba ne mu da Asante, a da fataken goro ta Jega da Yawuri suke bi zuwa Salaga da ke ƙasar Gana, har gobe Hausa ake ji a zangon Kumasi.

Sai dai akwai abin da ban so ba a littattafan. Wasunsu sun wanke Ananse tas sun mai da shi yaron kirki mai dabara, alhali daɗin Gizo a rashin kunyarsa yake, ya ci amana, asiri ya tonu, ya sheƙa ya ɓuya. Babu kuma waƙa, babu tsamin bakin nan da kakanninmu ke kwaikwaya har yara su riƙe ciki.

Masu zane da ke Kebbi da Gusau, don Allah ku fara da Gizo da hankaki. Ɓaure a tsakiyar gulbi, hankaki sun ara masa gashi ya tashi sama, zarinsa ya sa kowa ya zare nasa, ya faɗa ruwa ya ɓulla gidan kada yana kukan ƙarya wai shi dangi ne, ya bi ƙwai ya cinye. A zana shi da rumbu da kwalekwale irin na Argungu, a rubuta da Hausa, a buɗe da gatanan gatananku a bar ma yara wurin amsawa, kuma a bar shi da mugun halinsa yadda muka gaje shi.