Wasiƙa daga Ingila: kafin a yanke muku indomie ɗin mota

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Muna lafiya, sanyi ne dai ya fara shigowa. Na yi alkawarin ba ku labarin kuɗin haya da neman aiki, amma tambayar da ta cika saƙonninku ita ce ta indomie ɗin mota, wato abin nan da ke jikin salansa mai tace gubar hayaƙi (catalytic converter): bakanike ya ce a cire, a cire ko a bari?

A nan ba mai yin wannan tambaya. Motar da ta shekara uku dole a kai ta gwajin lafiyar mota da ake kira MOT duk shekara, kuɗinsa ba ya wuce fam 54.85. Za su zura na'ura a bakin salansa su auna hayaƙi, su leƙa ƙarƙashi. In an cire abin, mota ta faɗi. Tun 2018, fitilar gargaɗin inji ta gaban direba ma in tana kunne ta isa ta kayar da mota. Hawa titi ba takardar cin wannan gwaji kuwa, tara ce da kan kai fam 1,000.

Da fitilar injin tsohuwar motata ta kama, kwamfuta ta nuna P0420, wato indomie ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Abin da ya burge ni, mai garejin bai taɓa shi ba tukuna. Ya fara duba ko salansa na yoyo, sannan ya duba sansa biyu masu auna iska, ɗaya kafin indomie, ɗaya bayansa, domin ita kanta sansar baya in ta lalace takan kawo wannan lambar. Ya ɗan bubbuga indomie ɗin da hannu, muka ji ƙaras-ƙaras: cikinsa, wanda yake kamar saƙar zuma, ya farfashe. Ya tambaye ni ko ina jin warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko mota na yin nauyi a hawa. Duk akwai.

Nan ne nake so ku tsaya. Indomie ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba, wani abu ne ke kashe shi. Tawa fulogi ne ya gaji, ɗanyen fetur yana gangarawa cikinsa yana ƙonewa har ya gasa shi. Injin da ke shan baƙin mai ko ruwan lagireto shi ma yana toshe shi. Ka sa sabo ba ka gyara wannan ba, ka yi asarar kuɗinka. Sai da aka canza fulogi kafin a ɗaura sabon, kuma doka ta ce motar da aka yi wa rajista daga Maris 2001 sai a ɗaura mata indomie mai hatimin amincewar hukuma.

Wanda ya ce muku abin banza ne, ku tambaye shi ina zai kai shi. Akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, a ciki, shi ya sa ɓarayi a nan suke shiga ƙarƙashin mota da dare su yanke. In an cire, gubar da yake tacewa tana fitowa ne kai-tsaye, mai babur da ke bayanku a cunkoson Kano da mai talla a bakin titi su ke shaƙa. Ku nemi mai kwamfuta ya duba tukuna, in kuwa dole ne a cire, ku tsaya a wurin ku karɓi kayanku.

Maganar haya, tana da tsada ƙwarai, sai wata wasiƙar. A gaida mutanen gida.