Daren jiya a ɗakin tiyata

Har yanzu barci ya ƙi zuwa. Jiya aka kawo mana wani yaro ɗan shekara 12 a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, ya faɗo daga amalanken jaki. Wai ya tashi garau, har ya ci abinci, sai bayan la'asar ya fara amai ya sume. Na haska masa tocila, ƙwayar idonsa ta dama a buɗe, ko motsi babu. Malaminmu ya ce jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin gefen kai ce ta fashe, jini ya taru yana danne ƙwaƙwalwa.

Ni aka miƙa wa bututun zuƙe jini, hannuna na rawa. Ana ɗaga ƙashin sai ga gudajin jini baƙi ƙirin. Da asuba yaron ya buɗe ido, ya ce, "Inna."

Na kira Baba a Maiurno na ce tiyatar ƙwaƙwalwa zan bi. Ya yi shiru, ya ce, "Ɗana, bayan shekarun da yaƙin 2023 ya cinye maka?" Na ce ya sa min albarka kawai. Ya sa.

Yau na sayo zare, ina koyon ƙullin ɗinki a ƙafar kujera.