Kwafin nau'in bayanai a MPI: ina sifofinsa suke zuwa?

Mai rubuta manhajar da ake raba wa na'urori da yawa ta hanyar MPI (Message Passing Interface, ƙa'idar aika saƙo tsakaninsu) yakan gina nau'in bayanai nasa na kansa. A ce kana da jadawali mai layi 100 da shafi (column) 100 na double (lamba mai bayit 8) a harshen C, kana son aika shafi ɗaya. Sai ka kira MPI_Type_vector da 100, 1, 100 da MPI_DOUBLE. Ainihin bayanan da za su tafi bayit 800 ne, amma faɗin da nau'in ya mamaye a memori bayit 79,208 ne, saboda tsallen da yake yi tsakanin layuka.

Kuskuren farko shi ne a rubuta b = a, inda a ke riƙe da nau'in, a ɗauka an yi kwafi. Mariƙi (handle, wato alamar da ke nuni ga nau'in) kawai aka kwafa, abin da ke bayansa guda ne. Da zarar an kira MPI_Type_free a kan a, zai koma MPI_DATATYPE_NULL, shi kuwa b ya rage yana nuni ga abin da aka riga aka saki. Shi ya sa laburaren da zai ajiye nau'in da aka miƙa masa don amfani daga baya ya kamata ya kira MPI_Type_dup, wanda ya shigo da MPI-2 a 1997. Sabon nau'in yana da tsari da iyakoki irin na tsohon, kuma idan an riga an yi wa tsohon MPI_Type_commit, ba sai an maimaita ba. Kowane furoses (ɓangaren manhajar da ke gudana da kansa) yana iya kiran MPI_Type_dup shi kaɗai, saɓanin MPI_Comm_dup da dole kowa ya shiga.

Inda aikin yake da ƙaya shi ne sifofi, wato ƙananan bayanan da ake rataya wa nau'i da MPI_Type_set_attr. Makomarsu lokacin kwafi tun wajen ƙirƙirar makulli (lambar da ake gane sifar da ita) ake yanke ta. MPI_Type_create_keyval yana karɓar fanshon biyu: na kwafi da na gogewa. Idan ka ba shi MPI_TYPE_NULL_COPY_FN, sabon nau'in zai fito ba sifar, kuma MPI_Type_get_attr zai dawo da flag sifili ba tare da wani ƙorafi ba. Idan ka ba shi MPI_TYPE_DUP_FN, sifar za ta bi, amma adireshin kaɗai ake kwafa.

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. An ware memori da malloc, an rataya adireshinsa, an haɗa MPI_TYPE_DUP_FN da fanshon gogewa mai kiran free. Nau'i biyu ke nan riƙe da wuri ɗaya. An saki na farko, wurin ya tafi. An saki na biyu, an sake kiran free a kan wurin da babu shi. Wani lokaci manhajar ta faɗi nan take, wani lokaci sai can gaba, a wani layi da ba ruwansa da laifin, kuma wannan ya fi cin rai.

Magani biyu ne. Ko dai fanshon kwafinka ya ware sabon wuri ya zuba abin a ciki, ko ka sa ƙidaya a cikin bayanin: kwafi ya ƙara ɗaya, gogewa ta rage ɗaya, free sai ƙidaya ta kai sifili. Ga babban bayani da ba ya canzawa, ƙidayar ta fi dacewa a ganina.

A cikin fanshon kwafin a kula da attribute_val_out. An ayyana shi void *, amma a zahiri adireshin manuni (pointer) ne, don haka *(void **)attribute_val_out = sabo ake rubutawa, sannan *flag = 1, a dawo da MPI_SUCCESS. Duk wata lamba daban za ta sa MPI_Type_dup ɗin ya gaza. Kuma makullin da aka ƙirƙira da MPI_Comm_create_keyval na kwaminiketa ne (rukunin furoses masu aika wa juna saƙo), ba a rataya shi a kan nau'i.