Tsaron makaman nukiliyar Pakistan: barazanar na cikin gida

Tun 2009, lokacin da mayaƙan Taliban na Pakistan suka shiga gundumar Buner, kimanin kilomita 100 daga Islamabad, jama'a ke fargabar za su ƙwace makamin nukiliya. Ni dai ba ta nan tsorona yake ba.

Ɗauke makamin ba ƙaramin aiki ba ne. Sashen SPD, wato hukumar kula da makaman nukiliyar ƙasar, da aka kafa a 2000, shi ke gadinsu da dakarunsa na musamman. Masana sun ce ana ajiye kan makamin daban, makami mai linzamin da zai ɗauke shi daban, kuma mutum ɗaya ba ya iya kunna shi, sai mutum biyu ko uku tare da lambobin sirri. Harin masana'antar makamai ta Wah na 2008 da na sansanin jirage na Kamra a 2012 sun girgiza ƙasar, amma babu wanda ya kai ga rumbun makaman nukiliya.

Inda gizo ke saƙar shi ne ma'aikaci. A Satumba 2014 wasu jami'an sojan ruwa suka haɗa baki da Alƙa'ida don ƙwace jirgin yaƙi PNS Zulfiqar a Karachi. Katanga ba ta tare mai katin shiga. Shi ya sa ake bincikar ma'aikata akai-akai: bashi, abokan hulɗa, sauyin aƙida.

Sai kuma lokacin rikici da Indiya, sa'ad da ake fito da makaman kan hanya, musamman ƙananan irin su makami mai linzami na Nasr. A nan tsaro ya fi rauni.