Jiƙaƙƙen ƙyalle da hular da ke rataye a ƙusa

Ranar Talatar da ta wuce na kai ƙofar ƙarfe gyara wani gareji da ke wajen Arkilla, sai na tarar da wani matashi da bai wuce shekara ashirin ba yana feshin yashi a jikin tankar mai domin kankare tsatsa da tsohon fenti. Ya naɗe hanci da baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, hular aikin kuwa, wadda ke rufe kai duka ana turo mata iskar numfashi ta tiyo, tana rataye a ƙusa, tiyonta a nannaɗe. Da ya tsayar da inji na ce masa, "Ɗana, me ya hana ka sa hular?" Ya ce, "Baba, zafi gare ta," ya mayar da abin sauraren waƙa kunnensa. Amsar da na ba wani dattijo ke nan a 1993, sai dai ni na rusuna kafin na ba shi.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan sana'a. Yashin gulbi muke saye a tifa, mu shanya, mu tankaɗe, mu zuba a tukunya. Ba wanda ya gaya mana cewa idan ƙwayar yashi ta daki ƙarfe da ƙarfin iska tana farfashewa ta zama garin silika mai laushin da ido ba ya gani, wanda yake ratsa ƙyalle da rawani da takunkumin takarda ya sauka can ƙasan huhu, inda yake barin tabon da ba ya warkewa. Mukan ce wanda ya tashi cikin ƙurar hunturun Sakkwato, wace ƙura ce za ta ba shi tsoro? Idan mun tashi aiki mukan sha nono wai ya wanke ƙirji, alhali nono ciki yake tafiya. Sai daga baya na ji cewa Ingila ta hana feshi da irin wannan yashi tun wajen 1950, Turkiyya ma ta hana shi a masana'antun wandon jins a 2009 bayan samari sun yi ta mutuwa. Ina cewa jahilci ne, amma ba gaskiya ba ce gaba ɗaya, domin dattijon nan ya faɗa mini. Sai dai kuma ina da mata da 'ya'ya uku a lokacin, kuma a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, mutum ya sa kansa cikin kwano ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne bayan na zama maigida. Na sayi hula mai tiyo ta hannu, na ɗauka na gama da haƙƙin yarana, sai na jona tiyon numfashi kai tsaye da kwamfuresan dizal ɗin da ke tura yashi. Wata rana na matsar da injin inuwar katanga kusa da janareto, mashaƙar iskarsa tana fuskantar salansar janareton. Yarona yana cikin tanki, ni ina waje ina cinikin wani aiki. Shirun da na ji ne ya sa na leƙa, na same shi a kwance. Iskar kabon monoksaid ce, wadda ke kashe iyali idan sun kwana da janareto a ɗaki. Ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Allah ya sa da sauran kwana ya farfaɗo a asibiti. Na daɗe ina ɗora laifin a kan wanda ya sayar mini da hular bai yi mini bayani ba, kuma har yau ina ganin yana da nasa kason, amma hannuna ne ya tura injin.

Ku matasa masu feshin yashi, na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, sai na ga ba za ku karanta ba, tunda ku abin da ya wuce minti ɗaya a waya ya yi muku tsawo. Ku bar yashin gulbi, ku nemi tsakuwar ganet, wani irin dutse mai tauri da ake niƙawa don feshi, ko ɓarɓashin ƙarfe. Ko da su ma hula dole ce, saboda tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Iskar hular ta fito daga injin da ba ya aiki da baƙin mai, ko kuwa ta bi ta mataci da na'urar da ke ƙara idan guba ta shiga, domin matacin yana tare mai da ruwa da wari ne kawai, kabon monoksaid wucewa take yi, kuma kwamfuresa mai baƙin mai idan ya yi zafi da yawa shi kansa yana haifar da ita. Ƙa'idar Amurka ta ce kada kabon monoksaid ta wuce kashi 10 cikin miliyan a iskar hular, kuma hular tana son aƙalla lita 170 na iska a minti. A ajiye injin ta inda iska ke tasowa, gabas maso arewa da hunturu, kudu maso yamma da damina. Kada wani mai wayo ya jona muku tukunyar oksijin ta masu walda, gobara ce. Zafin da kuke kuka da shi ma akwai ɗan bututun sanyaya iska da ake ɗaurawa a ƙugu.

Idan maigida ya ƙi sayen waɗannan, ku ajiye masa aikinsa. Na san kuma da na faɗi haka cewa ni ban ajiye ba, kuma yunwa ba ta jiran hoton ƙirji. To ku zauna, amma ku dame shi kullum, kuma kada ku cire hula da zarar an kashe inji, domin ƙurar tana daɗewa a sama, mai zuba yashi da mai shara ma suna shaƙarta.

Ni yanzu sau biyu nake tsayawa hutawa tsakanin gida da masallaci, kuma na sha maganin tarin fuka wata shida, wanda likita ya ce huhun da silika ta ci ya fi saurin kamawa. Na koma garejin ranar Alhamis karɓar ƙofata, na tarar yaron ya sa hular, amma tiyon yana jone da kwamfuresan dizal, don haka na nemi kujera na zauna jiran maigidansa.